Photoshop CS6 da Lightroom 6 ko tsarin biyan wata-wata na Adobe: wa ya kamata ya koma, wa zai iya dakatawa

Har yau akwai ɗimbin masu ɗaukar hoto da ke cin abinci da Photoshop CS6 da Lightroom 6, manhajojin gyaran hoto na kwamfuta. CS6 ta fito a 2012, Lightroom 6 kuma a Afrilun 2015, su ne kuma na ƙarshe da kamfanin Adobe ya sayar irin sayarwar da ka biya sau ɗaya manhaja ta zama taka. Tun 2013 ya mayar da Photoshop haya, a Oktoban 2017 kuma ya fito da Lightroom Classic a kan wannan tsari, ya yi wa Lightroom 6 gyaran ƙarshe mai lamba 6.14 a Disamban shekarar, ya rufe babinta.

Sababbin sun fi tsofaffin, wannan ba abin gardama ba ne. Sai dai abin da suke sayar maka shi ne lokaci. Hoton da aka ɗauka da rana, da haske mai kyau, a ISO 200 (ISO shi ne ma'aunin yadda kyamara ke karɓar haske, ana ɗaga shi idan haske ya yi ƙaranci), idan gwani ya gyara shi a CS6 ya kuma gyara shi a Photoshop ta bana, da wuya mai hoton ya bambance su. Bambancin yana fitowa ne idan hotuna sun yi yawa, haske ya yi muni, ko kyamara sabuwa ce. Kuma ko a nan, sai in kwamfutarka za ta iya ɗaukar nauyin. In ba za ta iya ba, za ka riƙa biyan dala duk wata don aikinka ya ƙara nawa.

A fara da kyamara, domin ita ce ke tilasta wa yawancin mutane. Photoshop na buɗe fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoto yadda kyamara ta ɗauke shi, ta wani sashe mai suna Camera Raw, kuma ta ƙarshe da ke aiki da CS6 ita ce 9.1.1 ta Yulin 2015, saboda haka fayil ɗin RAW na Canon 80D da 5D Mark IV, waɗanda suka fito a 2016, ba ya buɗuwa a cikinta, ko da yake Lightroom 6.14 na buɗe shi. Ita ma 6.14 ta tsaya a ƙarshen 2017. Duk Canon mai fitar da CR3, sabon nau'in fayil ɗinta na RAW, tun daga M50 ta 2018 zuwa 250D, 90D, RP, R6 da R5, ba ta san da su ba. Haka Nikon Z6 da Z7, haka Sony A7 III. Wanda ke riƙe da 5D Mark III, 6D, 700D, D750 ko D7200 ba shi da wannan matsala ko kaɗan.

Akwai hanyar zagaye, kuma kyauta ce: Adobe DNG Converter. Ka nuna mata foldar da hotunan suke, ka shiga Change Preferences, ka zaɓi Camera Raw 7.1 and later, ka tabbata ba ka yi alama a kan cusa fayil ɗin asali a cikin sabon ba, don hakan na ninka girmansa. Za ta mayar da su DNG, nau'in RAW na Adobe, tsohuwar manhaja ta buɗe su. Tana aiki, amma da haraji. Kowane biki ya sami ƙarin mataki kafin a fara gyara, in kuma kana ajiye na asali, wurin ajiya ya ninka. Sannan tsohuwar Lightroom ba ta da bayanan gyaran sababbin lensuna. Wasu lensunan RF na Canon, irin 16mm f/2.8 da 24-240mm, an ƙera su ne da niyyar manhaja ta gyara musu lanƙwasa da duhun kusurwa, in babu wannan gyara sai ka ga kusurwoyin hoto baƙi ƙirin, dole ka yanke. Ita kanta DNG Converter ta yanzu ba ta hawa Windows 7 ko 8.

Abin da ya fi cancantar kuɗin hayar

Idan za a zaɓi abu ɗaya, Denoise ne, mai cire ɗige-ɗigen hoto, wanda ya shigo Lightroom Classic a Afrilun 2023. Mai ɗaukar dina ko kamu a ɗakin taro ya san yadda lamarin yake: fitilu masu launi, rufi mai tsawo da filasha ba ya dawowa daga gare shi, dole a kai ISO 6400 ko sama. Hoto ya fito da ɗige-ɗige a duk inda duhu yake, musamman a fatar fuska da baƙin yadi. A Lightroom 6 maganin shi ne a ja Luminance, amma da zarar ya wuce 30 ko 40 fuska ta fara komawa kamar ta roba, zaren leshi ya narke. Denoise tana cire ɗige-ɗigen ta bar gashin ido da aikin wuyan babbar riga a tsaye. A hoton ISO mai yawa, bambancin a bayyane yake ko a allon waya.

Tana da sharuɗɗa uku. Na farko, RAW take ci, ba ta taɓa JPEG. Wanda ke ɗauka a JPEG, kuma masu situdiyo da yawa haka suke yi don sauri, bai sami komai ba a nan. Na biyu, ƙarfin da take farawa da shi, 50, yakan yi yawa ga fuskar da aka yi wa kwalliya, domin hoda ta riga ta shafe ramukan fata, in an ƙara sai fuskar ta yi sumul fiye da kima. Tsakanin 30 da 40 ya fi dacewa, a kuma duba hoton a girman kashi 100, a kan kunci da kan gwaggwaro. Na uku shi ne babba: katin girafik ne ke yin aikin gaba ɗaya. A kan katin NVIDIA na zamani mai ƙwaƙwalwar 6GB ko 8GB, hoto mai megafiksel 24 yakan ɗauki daƙiƙoƙi. A kan laftof mai girafik ɗin Intel da ke haɗe da furosesa, yakan ɗauki mintuna. Ka yi lissafi da hoto 200: a daƙiƙa 15 kowanne minti 50 ke nan, a minti 5 kowanne kuwa sama da awa 16, laftof na huci, janareto na shan mai. A farkon fitowarta takan ƙirƙiri sabon fayil ɗin DNG mai nauyi kusa da kowane hoto, amma tun tsakiyar 2025 aikin ya koma cikin sashen Detail ba tare da ƙarin fayil ba, wanda ya rage cin wuri sosai.

Na biyu a daraja shi ne Masking, wato ware wani sashe na hoto a gyara shi shi kaɗai. A Oktoban 2021 aka kawo Select Subject da Select Sky, a Oktoban 2022 aka ƙara People, wanda ke gane kowane mutum a hoto ya raba maka fatar fuska, fatar jiki, gira, ido, leɓe, haƙora da gashi, daga baya aka ƙara tufafi da gemu. Amfaninsa a aikin biki shi ne wannan. Amarya tana ƙarƙashin mayafi, fuskarta ta yi duhu, ango na gefe cikin farar shadda da ta kusa ƙonewa da haske. A da sai ka bi hoto ɗaya-ɗaya da buroshi. Yanzu ka ware fatar fuskarta a hoto guda, ka ƙara Exposure kamar 0.3 zuwa 0.5, ka ware tufafin ango ka rage Highlights, sannan ka zaɓi sauran hotunan wurin ka danna Sync. Manhajar za ta sake neman fuskar a kowane hoto ko da amarya ta juya. Aikin yini guda yakan koma na awa biyu ko uku.

Kurakuran da ake yi da shi sanannu ne. In ka haskaka fuska ka manta da wuya da hannu, sai amarya ta fito da launi biyu, abin da dangin ango za su fara lura da shi ke nan. In kuma ka haɗa fatar jiki cikin zaɓen sannan ka rage Texture don fuska ta yi laushi, zanen lallen hannu zai dushe, alhali an biya mai lalle kuɗi masu yawa don a gan shi. Mafita ita ce zaɓe biyu: na fuska a rage masa Texture da abin da bai wuce 15 ko 20 ba, na jiki da haske kaɗai. Sannan manhajar takan rikice a gefen mayafi mai shara-shara da inda launin gwaggwaro ya yi kusa da na bango, ta bar wani siririn haske a kewayen kai. Dole a bi hotunan da ido bayan Sync. Wanda ya yarda da ita ido rufe zai ga abin kunya bayan an wanke babban firem.

Point Color, na Oktoban 2023, ƙaramin abu ne amma yana maganin wani ciwo takamaimai: fitilar ɗakin taro mai ruwan hoda ko shuɗi da ta zauna a kan farin yadi. Ka ɗauki launin da ɗan bututun zaɓe, ka rage ƙarfinsa shi kaɗai ba tare da ka taɓa jan leɓe ko launin fata ba. HSL, sashen gyaran launuka na tsohuwar manhaja, ba ta iya wannan rarrabewa, in ka rage ja, ka rage shi ko'ina. Dehaze da Texture su ma babu su a Lightroom 6, kuma na farkon yana da amfani a hoton waje lokacin hazo, in ba a wuce 15 ko 20 ba.

Akwai canji ɗaya da ke ba mutane mamaki ranar farko. Tun Afrilun 2018 sababbin hotuna na shigowa da tsarin launi mai suna Adobe Color maimakon Adobe Standard. Ya fi kaifi da ƙarfin launi, kuma a fata mai duhu yakan tura ta wajen ja ko ruwan lemo, inuwar fuska ta ƙara zurfi. Idan ka ga fatar mutane ta canja bayan ka koma, ba kyamararka ba ce. Ka gwada Adobe Portrait ko ɗaya daga cikin na Camera Matching, in ka sami wanda ya yi maka, ka kafa shi a Preferences, sashen Presets, ƙarƙashin Raw Defaults. Tsofaffin hotunan da ka riga ka gyara ba za su motsa ba.

Generative Fill na Photoshop, wanda ya fito a 2023, da Generative Remove na Lightroom, na Mayun 2024, su ne aka fi tallatawa, amma ba su ne za su sa mai sana'a ya biya ba. Suna cire wayar lantarki, ledar ruwa a ƙasa, ko hannun ɗan biki da ya miƙo waya gaban amarya, kuma suna yi da kyau in bayan abin fili ne. In abin da za a cike yana da tsari, kamar aikin hula, zanen atamfa, yatsu ko rubutun allon biki, sai su ƙirƙiro wani abu da ba shi ne ba. Facin da suke yi kan fi sauran hoton laushi idan wurin da aka zaɓa babba ne, saboda haka a riƙa zaɓar ƙananan wurare. Ba sa aiki sai da intanet, domin a kwamfutocin Adobe ake yin lissafin, kuma Generative Fill na cin wani kaso da ake ba ka duk wata. A hoton fasfo ko na takardar hukuma kuwa, kada a kusance su.

Ita Photoshop kanta, gaskiya ribar ba ta kai ta Lightroom ba. Curves, layoyi, Healing Brush, Liquify, raba fata gida biyu don goge ƙuraje, tsara shafin albam, duk CS6 na yin su yadda ya kamata. Mai shagon da aikinsa hoton fasfo ne, milimita 35 da 45, a jera a takardar inci 4 da 6 a buga, babu abin da sabuwa za ta ƙara masa sai kashe kuɗi. Ribar gaske ita ce Select Subject, wanda tun 2020 yake iya ware gashi da gefen mayafi cikin daƙiƙoƙi, abin da ke sauƙaƙa canja bango a hoton situdiyo, sai damar buɗe Camera Raw a kan kowane layi, sai Liquify mai gane sassan fuska.

Hannun da ya saba da CS6 zai yi tuntuɓe a wurare uku, kuma duka ana iya mayar da su yadda suke. Ctrl+Z yanzu komawa baya yake ta yi mataki-mataki, ba ya kai-da-komo tsakanin biyu. Riƙe Shift wajen ƙara girman hoto yanzu karkata shi yake yi maimakon kiyaye shi, sai ka kunna Use Legacy Free Transform a Preferences, sashen General. Sannan tun 2021 Save As ba ya nuna JPEG idan fayil na da layoyi, sai dai Save a Copy, ko ka kunna tsohon tsarin a sashen File Handling. Fayilolin Actions, wato matakan gyara da ka naɗa don maimaitawa, da na buroshi za su shiga lafiya. Tsofaffin fulogin da fanel na zamanin CS6 kuwa wasu ba za su tashi ba, don haka in akwai wanda kake gyaran fata da shi kullum, ka binciki ko yana da sabon fitowa, da nawa ne, kafin ka motsa.

Kwamfutar

Nan ne shawarar take yankewa. Adobe ya rubuta RAM 8GB a matsayin mafi ƙaranci, 16GB a matsayin abin da ya fi so. A aikace 8GB na buɗe manhajar ne kawai, in ka buɗe Lightroom da Photoshop tare sai komai ya tsaya. Sababbin fitowar suna kuma neman furosesa mai wata fasahar lissafi da ake kira AVX2, wadda Intel ya fara sakawa a zuriya ta huɗu a 2013. Laftof ɗin hannu irin HP EliteBook 8470p da Dell Latitude E6430, da suka cika kasuwa shekarun baya, zuriya ta uku ne, ba za su ɗauka ba, haka yawancin tsofaffin Pentium da Celeron. Don ka sani, buɗe Task Manager, shiga Performance, karanta sunan furosesa. A i5-3320M, lambar farko bayan ɗan layin, wato 3, ita ce zuriya. A wannan shafin za ka ga katin girafik da ƙwaƙwalwarsa ta kansa. Ƙasa da 4GB, Denoise da Masking za su ja ƙafa.

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Adobe kuma bisa al'ada yakan bi tsarin aiki na baya-bayan nan ne. Windows 11 na neman Intel zuriya ta takwas ko sama. Wanda zai sayi kwamfuta don wannan aiki kada ya sauka ƙasa da haka. A ɓangaren Mac labarin juye yake: tun Catalina ta 2019 ba a iya saka CS6 ko Lightroom 6 daga farko, saboda wasu sassansu na bit 32 ne. Mai sabon Mac an riga an yanke masa hukunci.

Idan kuɗin hannunka abu ɗaya za su iya, ka fara da SSD da RAM. Faifan SSD na 512GB da ƙarin RAM zuwa 16GB za su sa Lightroom 6 ɗinka ta yi gudun da ba ka taɓa gani ba, kuma sau ɗaya za ka biya.

Kuɗin

Tsarin da aka sani na dala 9.99 a wata, mai Photoshop da Lightroom da ajiyar 20GB, an rufe shi ga sababbin masu shiga tun 15 ga Janairun 2025. Bisa farashin Amurka na wannan canji, mai shiga sabo yana da zaɓi biyu: Photography Plan mai 1TB a dala 19.99 a wata, kusan dala 240 a shekara, ko tsarin Lightroom kaɗai a dala 11.99, wanda yanzu ya haɗa da Lightroom Classic amma babu Photoshop. Wannan na biyun ya cancanci a dube shi da kyau. Tun da yawancin ribar a Lightroom take, mai CS6 na halal zai iya biyan Lightroom kaɗai, ya riƙa tura hoton da ke buƙatar aikin hannu zuwa CS6 a matsayin TIFF mai bit 16. Farashi na canjawa, a duba shafin kamfanin ranar da za a biya.

Abin da ake kira biyan wata-wata, alƙawarin shekara guda ne da aka rarraba. In ka fasa cikin kwana 14 na farko za a mayar maka da kuɗinka. Bayan haka za a caje ka rabin abin da ya rage na shekarar. A Yunin 2024 hukumomin Amurka sun kai Adobe kotu kan zargin ɓoye wannan caji, saboda haka ba ƙaramin abu ba ne. Gwajin kyauta na kwana 7 ma sai ka sa kati, in ka manta ya wuce sai ya zama biya. Ga wanda ke samun kuɗinsa da naira ko sefa, akwai ƙarin abu biyu: farashin na bin canjin dala ne, ba ya bin kasuwar bukukuwa, watan azumi da babu aiki ma za a cire, sannan ba kowane katin banki ke biyan kuɗin waje ba, wanda ke biya ma yana da iyaka. Ka tambayi bankinka tukuna. Hanya mafi sauƙi ta auna abin ita ce ka raba kuɗin shekara da yawan ayyukan da kake yi. Mai biki 40 a shekara, dala 6 ce ta hau kan kowane biki. Mai biki 6, dala 40.

Ba a buƙatar intanet kullum. Manhajar na kan kwamfutarka, takan nemi tabbatar da biya duk kwana 30, mai tsarin shekara kuma na iya kai kwana 99 ba tare da haɗi ba. Ana iya kunna ta a kwamfuta biyu, a yi aiki da ɗaya a lokaci guda. In ka daina biya, Photoshop ta rufe gaba ɗaya, amma Lightroom Classic za ta bar ka ka ga hotunanka, ka fitar da su da gyaransu, ka buga, sashen Develop da na taswira ne kawai za su kulle. Kwafin sata da ake sakawa a kasuwa ba ya cikin wannan lissafi: kayan da ke buƙatar intanet ba sa aiki a cikinsa, kuma ta nan ne ƙwayoyin cutar da ke kulle fayiloli ke yawan shiga. Hotunan bikin mutane ba abin da za a yi caca da shi ba ne.

Idan ka yanke shawarar gwadawa

Ka zaɓi hoto kamar 30 daga aikinka na gaske, mafi munin haske, ba mafi kyau ba: goma na dare, goma na taron jama'a, goma na situdiyo. Su za ka auna da agogo a cikin kwana bakwai ɗin. Kafin ka saka komai, ka kwafi fayil ɗin katalog mai ƙarewa da lrcat, inda Lightroom ke ajiye bayanan hotunanka da gyaransu, zuwa faifan waje, tare da foldar presets, wato saitunan gyara da ka adana. Ka tuna cewa ajiyar da Lightroom ke yi idan za ka rufe ta, katalog kaɗai take ɗauka, ba hotuna ba. Ka rubuta lambar lasisin tsofaffin manhajojin a takarda, kuma kada ka goge su. A manhajar Creative Cloud, wadda ta nan ake saka manhajojin Adobe, wajen sakawa, ka cire alamar da ke cewa a cire tsofaffin fitowa. Ka tanadi data kamar gigabait 10 da wuta tsayayya.

Ka lura da suna. Akwai Lightroom, akwai Lightroom Classic. Magajiyar Lightroom 6 ita ce Classic. Ɗayar an gina ta ne a kan ajiyar intanet, in ka kwashe katalog ɗinka zuwa cikinta za ta fara tura hotunanka na asali sama, ta cinye datar wata cikin dare ɗaya.

Classic za ta nemi sabunta katalog. Kwafi take yi ta sabunta shi, tsohon na nan, amma hanyar ba ta komawa: duk gyaran da ka yi a sabon, Lightroom 6 ba za ta karanta shi ba. Shi ya sa a makon gwaji ya fi kyau ka buɗe sabon katalog na hotuna 30 ɗin nan kawai, ka bar babban sai ka tabbata za ka zauna. Bayan sabuntawa za ka ga wani fayil mai ƙarewa da lrcat-data kusa da katalog. A nan bayanan Masking suke, in za ka kwafa ka kwafe su tare, in ka bar shi a baya zaɓe-zaɓenka sai an sake lissafa su. Ka ajiye katalog a kan SSD, ka ɗaga Camera Raw Cache daga 5GB zuwa 20GB ko fiye. Tsofaffin presets za su juye zuwa sabon tsari da kansu. Tsofaffin hotuna kuma za su zauna a kan tsarin lissafi na 2012 da aka gyara su da shi, kada ka sabunta su a dunƙule, don wasu za su ɗan canja, musamman waɗanda abokin ciniki ya riga ya amince da su.

Ba Adobe kaɗai ke kasuwa ba. Mai sabuwar Canon na da Digital Photo Professional kyauta, mai Nikon na da NX Studio, kuma launin da suke bayarwa shi ne na bayan kyamara, sai dai suna da nawa a aiki mai yawa. DxO PureRAW sayen sau ɗaya ce, tana cire ɗige-ɗige ta fitar da DNG, amma ita ma katin girafik take nema. Affinity, wadda Canva ya saya a 2024, ta zama kyauta a ƙarshen Oktoban 2025, tana buɗe PSD, wato fayil ɗin Photoshop, kuma za ta iya maye gurbin Photoshop a yawancin aikin situdiyo, sai dai ba ta karanta Actions na Photoshop kuma ba ta da katalog. Darktable kyauta ce kuma mai ƙarfi, amma koyonta sai an zauna.

Mai ɗaukar bukukuwa a RAW, mai mayar da ɗaruruwan hotuna duk mako, wanda kwamfutarsa ke da RAM 16GB da katin girafik na kansa, ya koma, tsarin Lightroom kaɗai ma ya ishe shi farawa. Mai sabuwar kyamara amma tsohuwar laftof ya riƙe DNG Converter har ya canja kwamfuta. Mai fasfo da hoton situdiyo a JPEG ya zauna inda yake. Wanda kuma zai koma, kada ya yi shi ana saura mako guda Sallah ko a tsakiyar bukukuwan Disamba, ya bari sai aiki ya lafa. Da ya gama sakawa ya shiga Creative Cloud ya kashe sabuntawa ta kai-tsaye, domin babban fitowa na zuwa ne kusan duk Oktoba, yakan nemi a sake sabunta katalog, wani lokaci kuma ya ɗaga abin da yake nema daga kwamfuta. A bar shi ya yi wata guda a hannun wasu kafin a taɓa shi.